Zanen Gidan Makama da ƙasar Kano

A hunturun da ya wuce na zana Gidan Makama na Kano da kalar ruwa, kuma tun kafin in sayi takarda na riga na yanke cewa launin bangon ba daga kanti zai fito ba. Da ƙasar garin aka gina gidan, don haka da ƙasar garin nake so in zana shi. Wannan niyya ce ta ja aikin ya yi tsawo, ita ce kuma ta sa na fahimci ginin fiye da duk shigar da na sha yi cikinsa tun ina ɗan makaranta.

Duk wanda ya san Kano ya san gidan, yana nan cikin gari dab da fadar Sarki. Tarihin da muka gada ya ce a ƙarni na 15 aka gina shi, kuma Muhammadu Rumfa ya zauna a ciki lokacin yana Makama, kafin ya hau gadon sarauta a 1463. Shi ne ya yi mulki har 1499, ya gina Gidan Rumfa, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya faɗaɗa ganuwa. Da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903 sun yi amfani da gidan, yau kuma gidan tarihi ne a hannun hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa. Sai dai ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da yaɓe, damina ta ci, rani a mayar. Ƙasar da hannunka zai taɓa a bangon yau an sha sabunta ta. Siffar ce da sana'ar magina suka tsallako ɗaruruwan shekaru, kuma su ne nake so su fito a takardata.

Na fara da neman ƙasa. Ban taɓa bangon gidan tarihi ba, kuma ina roƙon duk mai sha'awar gwada wannan aiki kada ya ɓalli ko ƙwaya ɗaya daga tsohon gini. Bakin wani kududdufi na je, tunda kududdufan Kano asalinsu ramuka ne da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini. Na ɗebo iri biyu a leda, ɗaya ja, ɗaya mai ɗan ruwan ɗorawa. A gida na zuba kowace a bokiti, na cika ruwa, na dama sosai, na ɗan saurara yashi da tsakuwa su nutse. Ruwan da ya rage a sama, mai duhu, shi ne abin nema. Na tsiyaye shi ta ƙyalle mai laushi cikin wani kwano, na bar shi ya kwana. Da safe ruwa ya washe, laka mai laushi ta kwanta a ƙasa. Na zubar da ruwan a hankali, na shanya lakar a inuwa, da ta bushe na niƙe ta a kan tayil da gindin kofin gilashi har na daina jin ƙaras-ƙaras.

Wani kaso na mai ruwan ɗorawar na zuba shi a tsohon gwangwani na ɗora a kan garwashi. Yana ɗaukar zafi sai ya fara juyawa ja mai duhu. Sinadarin ƙarfen da ke cikin ƙasar ne ke rabuwa da ruwan da ke jikinsa, abin da ke faruwa ke nan da tukunya idan an gasa ta. Masu yin kala a Turai ma haka suke yi: launin nan mai ruwan ƙasa da ake sayarwa da sunan Siyana, wani gari a Italiya, ƙasa ce, akwai ɗanya akwai gasasshiya. Da haka na samu launi uku daga leda biyu.

Gari shi kaɗai ba ya kama takarda, sai da ƙaro. Kalar ruwa galibi garin launi ne da ƙaro, kuma ƙaron mafi kyau daga itacen dakwara yake fitowa, wanda Sudan ta fi kowa fitarwa, Chadi da Najeriya na biye, musamman Borno da Yobe da Jigawa. Mu kuwa mun daɗe da sanin aikinsa, domin shi malaman allo suke sa wa tawada ta kama. A Kurmi na saya. Na zaɓi fari mai haske, na daka shi, na jiƙa awo ɗaya cikin awo biyu na ruwan ɗumi har ya narke, na tace ɓawo da datti. Na ƙara zuma kaɗan, don ita ce ke hana kalar ƙeƙashewa ta kuma sa ta saurin narkewa idan jiƙaƙƙen burushi ya taɓa ta, sannan ɗigon man kanumfari saboda kada ta yi fumfuna. Gwajin mai sauƙi ne. Ka shafa a takarda ka bari ya bushe, ka goga da yatsa. Idan gari ya biyo yatsan, ƙaro ya yi kaɗan. Idan wurin yana ƙyalli ko yana tsagewa, ya yi yawa. Na zuba kowane launi a murfin kwalba na bar su suka daskare.

Shuɗi kam saye na yi, ultramarin, wanda asalinsa ɗaya da bular da ake sa wa fararen kaya. Takarda ma ta sa ni kashe kuɗi, ta auduga ce mai nauyin giram 300 a kowane murabba'in mita, mai ɗan kaushi, sai da na yi odarta daga Legas. A nan ne ba na ba kowa shawarar yin tsimi. Takarda mara nauyi tana tanƙwarewa da ta sha ruwa, kala ta taru a kwari. Sauran kayan kaɗan ne: babban burushi mai riƙe ruwa, ƙarami mai tsini, fensir, katako, salatef na takarda, farin faranti na tangaran, gorar ruwa, tsumma, da ƴar kwalbar fesa ruwa.

Na je na gaisa da ma'aikatan gidan, na faɗa musu abin da ke tafe da ni, na nuna musu littafin zanena. Suka yi mini izini, suka kuma nuna mini inda zan zauna ba tare da na tare hanya ba. Zuwan farko ban buɗe kala ba sam. Zagaye na yi ina kallon yadda rana take sauka a kan bangon a lokuta daban-daban. Da tsakar rana komai shafewa yake yi, ado ya ɓace, bango ya zama fili ɗaya. Hasken da ke zuwa a karkace shi ne ke tayar da duk wani tudu da kwari na yaɓe. Na zaɓi hantsi, na kuma zaɓi zama a kusurwa inda zan ga fuska biyu na ginin, ɗaya a haske ɗaya a inuwa. Na yi ƙananan zane da fensir, kowanne bai fi tafin hannu ba, ina raba abin da nake gani gida uku kawai: mai haske, matsakaici, mai duhu. A kalar ruwa babu farar kala da za ka dawo da haske da ita, farin takardar ne haskenka. Wurin da ka rufe ya rufu. Saboda haka tun a wannan mataki ake sanin inda burushi ba zai taɓa ba.

Ranar da na fara zanen gaske na manne takardar a katako da salatef ta gefe huɗu, na ja layin da ya yi daidai da tsayin idona, sannan na shiga awo. Hannu a miƙe, ido ɗaya a rufe, fensir a tsaye, na ɗauki tsayin ƙofa ya zama ma'aunina, na riƙa duba sau nawa zai shiga tsayin bango da faɗinsa. Ido ba mudu ba, amma ya san kima. Rula kuwa a gida na bar ta, domin babu layi ɗaya miƙaƙƙe sak a wannan gini. Bangon yana da kauri a gindi, yana sirancewa yayin da yake hawa, don haka gefunansa suna ɗan kwantawa ciki. Kusurwoyin a dunƙule suke saboda tafin hannu ne ya shafe su. Wanda ya ja su da rula zai samu ginin bulo mai fentin ruwan ƙasa.

Ina cikin haka wani dattijo ya tsaya a bayana, ya daɗe yana kallo kafin ya yi sallama. Ashe magini ne, ya gaji sana'ar, ƙarfi ne ya ja baya ya bari. Ya nuna zankwayen da na fara fitarwa a saman bango ya ce, “Ɗan nan, ka lura ba tagwaye ba ne ko? Kowanne da hannun da ya ɗora shi.” Na ce, “Na lura, Baba, shi ya sa nake auna su ɗaya-ɗaya.” Na matsa masa a kan benci ya zauna, kuma abin da na ji daga bakinsa ya shiga zanen kai tsaye.

Ya bayyana mini yadda ake jera tubali, mai faɗin gindi da tsinin kai, tsinin yana kallon sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a bar sahu ya sha iska kafin a ɗora wani. Ya ce azara daga giginya ake tsaga ta saboda gara ba ta cika damunta ba, kuma da yake ba ta ɗaukar nauyin rufi a tazara mai nisa, dole magini ya koyi ɗaurin guga da bakan gizo, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke ɗaukar rufi, idan yana son soro mai faɗi. Ya yi maganar makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ita ke ba yaɓe ƙarfi da wannan duhun ja-ja da ake gani a tsofaffin gidaje. Ya yi maganar laso, haɗin katsi na marina da gashin jima da dafara, wanda ake shafawa inda ruwa ya fi duka. Game da zanko kuma ya ce a wurinsu ba ado kaɗai ba ne, magini na iya maƙala igiya a jikinsa idan zai hau gyaran rufi. Tun daga nan na daina ganin bangon a matsayin launi guda. Na fara ganin inda aka yi yaɓe bana, inda na bara ya koɗe, inda aka sauya haɗi.

Sama na fara shafawa. Sararin hunturu a Kano ba shuɗi ba ne, fari ne mai ƙura, yana ɗan komawa ruwan ɗorawa kusa da rufin gidaje. Na jiƙa wurin da ruwa zalla, na sa shuɗi kaɗan ƙwarai a can sama, na sauko da ɗanyar ƙasata tsararo. Da na sa shuɗin katin gaisuwa, da na yi wa garin ƙarya.

Sannan bango, kuma a nan hunturu ya nuna halinsa. Iskar a bushe take, ruwa ba ya daɗewa a takarda. Shafin da a damina zai ba ka lokaci ka yi tunani, a Janairu kafin ka koma faranti bakinsa ya bushe ya bar layi. Dabarar da ta fisshe ni ita ce in haɗa kala mai yawa tun kafin in fara, fiye da yadda nake zaton zan buƙata, in jingine katakon ya ɗan karkata, in fara daga sama da burushi cike, yadda ruwa zai taru a bakin shafin ya zama ɗigo mai tsawo. Muddin wannan ɗigon yana nan, shafin a raye yake, sai in riƙa jan sa ƙasa sahu-sahu ba tare da na koma baya ba. Ina saukowa ina sauya haɗin, ɗanyar ƙasa a sama inda rana ta fi ci, ja a tsakiya, gasasshiya a gindi inda danshi da dattin hanya suka duhunta shi, suna narkewa cikin juna tun suna jiƙe. Na kewaye saman zankwaye da leɓen indararo na bar su fari. Na kuma zauna a inuwa, ina fesa wa faranti ruwa lokaci-lokaci.

Da shafin ya bushe sai ƙasar kududdufi ta biya ni wahalata. Komai niƙan da na yi mata ba ta kai laushin ta kanti ba, don haka ƙwayoyinta suka kwanta cikin ramukan takardar, suka bar tudun da haske. Abin da ya fito shi ne kaushin yaɓe, ba tare da na ɗiga ko ɗigo ɗaya da gangan ba. Na daɗe ina neman wannan kamanni da kalar saye ban samu kamarsa ba.

Inuwa ce ke tsayar da gini, ita ce kuma ba ta jira. Rana tana tafiyar kusan digiri 15 a kowace awa, wanda ya biye mata zai ƙare da inuwar safe a hagu, ta azahar a dama. Na tsai da lokaci guda, na shata bakin kowace inuwa da fensir a lokacin, na riƙe wannan shatin ko da abin da ke gabana ya sauya. Washegari in dawo a daidai wannan lokaci. Launin inuwar kuwa haɗin ultramarin ne da gasasshiyar ƙasa, wanda ke ba da toka mai rai, kana iya karkata shi wajen shuɗi ko wajen ja. A saman bango, inda inuwar ke kallon sararin sama, na bar shuɗin ya rinjaya. A ƙasa, inda hasken da ya daki dandali yake dawowa ya haska bangon, na ƙara ja tun shafin yana jiƙe. Wannan ɗumi na cikin inuwa shi ne abin da hoton waya ya fi cinyewa, yakan mayar da wurin baƙi ƙirin. Shafi ɗaya na yi, ban koma na goga ba, domin goge-goge na tayar da launin da ke ƙasa, komai ya dagule.

Adon da ke jikin yaɓen ya fi komai cin lokaci. Layuka ne masu lanƙwasa da sarƙewa waɗanda magini ya fitar da hannu tun ƙasar tana ɗanya, launinsu ɗaya da bangon, inuwarsu kaɗai ke nuna su. Saboda haka ban zagaye su da layi ba. Da ƙaramin burushi na bi gefen da ke ɓoye wa rana kawai, siririyar inuwa mai kauri a wani wuri, mai yankewa a wani, na bar ɗaya gefen ya narke cikin bango. Na natsu sosai a kan sashen da ke kusa da ƙofa, na bi kowace sarƙa na tabbatar wane layi ne ya hau, wane ne ya shige ƙarƙashi, domin magini zai gane in an yi masa kame-kame. Can nesa kuma na taƙaita, alama kawai.

Bakin zaure shi ne wuri mafi duhu a zanen. Ban yi amfani da baƙar kala ba. Haɗin inuwar nan na ƙara wa kauri ya yi kamar kunu, na shafa, na bari ya bushe, na ƙara wani a sama da gefe ɗaya, na bar ƙasan ya ɗan yi haske yadda mai kallo zai ji akwai daɓe a ciki, akwai inda za a taka a shiga.

Daga nan sai tambayar da kowane mai zanen tsohon gini yake fuskanta: me za a saka, me za a bari? Motocin da ke tsaye da wayoyin lantarki na bar su, domin gobe ba nan za ka same su ba, kuma suna yanka siffar. Amma zirin da ruwan sama ya bari ƙarƙashin indararo, da facin sabon yaɓe da bai gama saje da tsohon ba, da zaizayar gindin bango inda ruwa ke fantsama, duk na saka su. Zirin na yi shi da burushi mai ɗan danshi, na ɗauke launi daga sama zuwa ƙasa na dangwale da tsumma. Zaizayar kuma da burushi kusan busasshe, na ja shi a kwance yana tsallake ramukan takarda. Ina da ra'ayi mai ƙarfi a kan wannan. Masu zane da yawa suna yi wa tsofaffin gine-ginenmu kwalliya har su zama santsi kamar ba a taɓa yin damina a kansu ba, alhali waɗannan tabo su ne shaidar cewa ana kula da ginin, ko kuma an daina. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya zana garin daga kan Dala, hoton ya fito a littafin tafiyarsa, har yau ana komawa gare shi don a ga yadda birnin yake a wancan zamani. Ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, wajen shekaru 900 da suka wuce, a idonmu wurare da yawa nata suka zama tudun ƙasa, wasu aka yi gini a kansu. Kududdufan ma ana ta cike su. Idan wani zai duba zanena nan gaba, ina so ya samu abin da ke wurin da gaske.

Mutane ban saka ba. Na taso a gidan da ba a zana mai rai, kuma ban ga dalilin sauya wannan ba. Sai dai gini ba tare da mutum a gefensa ba yana rasa ma'auni, mai kallo ba zai san ko bangon kamu biyar ne ko ashirin ba. Wani keke da aka jingine kusa da ƙofa ya warware mini matsalar. Kowa ya san tsayin keke. Na zana shi da layuka kaɗan, na sa masa inuwarsa a bango.

Yara ƴan makaranta da aka kawo ziyara sun kewaye ni a wani zuwan, abin da ya fi ba su mamaki shi ne murafun kwalbar nan. Da na ce musu ƙasa ce da ƙaro, wata yarinya ta ce a bayan gidansu akwai ja wadda ta fi tawa. Na faɗa mata yadda za ta dama ta tace, na ce ta nemi ƙaro wurin malaminsu na allo.

A gida na ƙarasa. Na jingine zanen a nesa na duba shi da ido a ɗan lumshe, na ga fuskar da ke inuwa tana bukatar ƙarin shafi ɗaya siriri don ta rabu sosai da mai haske, na yi shi, na ajiye burushi. Na bar fensirin da ke leƙowa ta ƙarƙashin kala, ban goge ba. Da takardar ta bushe sarai na ɓare salatef a hankali ina jan sa waje, kada ya yago fuskar takarda. A baya na rubuta sunan wurin, da wata da shekara, da lokacin da na tsai da inuwa, da unguwar da na ɗebo ƙasa. Launin ƙasa ba ya koɗewa da rana, ultramarin ma haka, amma takarda tana tsoron danshi da gara, don haka na kai an sa masa gilashi da kwali a tsakani yadda gilashin ba zai taɓa kalar ba, na rataye shi a bangon da ba ya jiƙa da damina.

Sauran ƙasar tana nan a murafunta, za ta ishe ni aiki na gaba, wato rufin soro daga ciki, inda bakan gizo suke haɗuwa. Wannan zai bukaci sabon izini daga ma'aikatan gidan, da kujera mai jingina, tunda kallon sama za a yi ta yi, da kuma gasasshiyar ƙasa fiye da wadda na yi a baya.